Ɓaraguzan rusau a bakin layi, wa zai kwashe?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu sanin doka ku taimaka min kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani. Wani bawan Allah ya sayi tsohon gida a layinmu ya rushe zai ɗora bene, to Allah ya sanya alheri mu ba mu da matsala da wannan, amma yau sati uku kenan ɓaraguzan suna jibge a bakin layi, fasassun bulo da filasta da tayil da tsohon silin duk an tula su a kan lambatu. Rodi da kwano da ƙofofi kam ko kwana ba su yi ba aka yi awon gaba da su, abin da ba ya kuɗi shi aka bar mana. Shekaranjiya da aka yi ruwan daren nan ruwa ya rasa hanya ya juyo mana cikin zaure, ni da yara muka kwana kwalfa da bokiti da tsintsiya har aka kira assalatu. Na yi wa mai gidan magana yace in ga ɗan kwangila, ɗan kwangila yace shi rushewa aka yi ciniki da shi ba kwashewa ba. Wai shin akwai wata doka a kan wannan ko kuwa kowa tasa ta fisshe shi ne?

Maman Ilham: Wa alaikumussalam. Wallahi kamar layinmu kake faɗa, mu namu ya shekara har ciyawa ta fito a kai, awaki sun mayar da shi wurin shan hantsi.

Barista: Doka kam akwai ta Malam. Tun daga sama, kundin tsarin mulki na 1999 a jadawali na huɗu ya ɗora kwashe shara a wuyan ƙananan hukumomi. Sannan akwai NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin muhalli na ɓangaren gine-gine a 2011, a ciki har da batun cewa mai aikin gini ya tanadi tsarin yadda zai yi da sharar da aikinsa zai haifar. A nan Kano kuma KNUPDA ke ba da izinin gini, REMASAB ke kula da shara, ga kotun tafi-da-gidanka ta tsaftar muhalli. Toshe magudanar ruwa laifi ne ko da buhun ƙasa ɗaya ka yi shi balle tifa guda. Matsalar ita ce kowace hukuma tana riƙe da ƙafa ɗaya ne, wadda ta ba da izinin gini ba ta tambayar ina ɓaraguzai za su, wadda ke kwasar shara kuma ta fi sanin sharar gida da ta kasuwa.

Baban Khalifa: To Barista ni yanzu ƙofar wa zan ƙwanƙwasa? Don na je wani ofis jiya aka ce in rubuto takarda, na rubuto aka ce mai sa hannu ya tafi ta'aziyya.

Barista: Fara da mai unguwa, ya kira shi gaban mutane. In ya ƙi, duba-gari na ƙaramar hukumarku. Ka ɗauki hoto da kwanan wata tun yanzu.

Usta Birkila: Ku yi haƙuri in sa baki, ni shekarata ashirin da wani abu ina wannan aiki. Ɓaraguzai ba shara bane wallahi, kuɗi ne a zube. Duk gidan da za a gina sai an yi ciko kafin a yi daɓe, kuma tifar jar ƙasa kun san yadda ta koma tunda man dizal ya tashi. In fasasshen bulo ne tsantsa da kankare babu leda babu katako, ni da kaina nake roƙo a ba ni, in sa lebura su farfasa da guduma a zuba a jiƙa a daddaɓe, ya fi jar ƙasa zama ma. Abin da ke ɓata lamarin shi ne haɗawa. Katafila ta zo ta ture komai wuri ɗaya, da silin da ledar wayar wuta da tsumma da kwalba da bututun masai, to wa zai sayi wannan? Sannan da makwabta suka ga tuli sai kowa ya fara aiko yaro da bokitin shara, cikin sati ya zama bola. Shi kenan ya tashi daga kaya ya koma masifa.

Maman Ilham: Wannan gaskiya ne Usta, ni ma na aika yaro ya zuba ba zan yi ƙarya ba 😂 tunda mai kurar shara ya daina shigowa saboda tulin ya tare hanya.

Alhaji Mai Gwangwan: Ni abin da nake so ku lura da shi, duk surutun da ake na turawa wai suna sake sarrafa kayan gini, mu nan mun riga su ba tare da wata doka ba. Ku shiga Kofar Ruwa ku gani, ƙofa ta hannu, taga, kwano, katakon rufi, tankin ruwa, tayil ɗin da aka ciro da lafiyarsa, har ƙusa ana miƙewa a sayar. Haka Panteka a Kaduna. Rodin da ya lanƙwashe kuma kilo muke saye a loda a tirela a kai kamfanonin narka ƙarfe na Legas da Ogun ya dawo muku sabo. Babu wanda ya ba mu ko sisi, amma da an tashi doka mu ake fara kamawa.

Abba Na Layi: Alhaji a faɗi gaskiya dai, yaranku ne ke cire murfin kwalbati da wayar taransifoma 🙄

Alhaji Mai Gwangwan: Ɗana a kowace sana'a akwai ɓata-gari, ban musa ba. Amma in ɓera da sata daddawa ma da wari. Wa ya bar gini babu mai gadi? A Borno Zulum ya hana jari bola a 2023, can kam akwai dalilin tsaro don ana kashe yaran a daji, a Abuja ma farkon 2025 an rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci aka hana baban bola yawo cikin gari. To na ji, amma ƙarfen tsohon gini ina za a kai shi in babu mu? A yi mana rajista a ba mu kati, wanda aka kama da kayan gwamnati a ɗaure shi, ni zan fara nuna shi.

Injiniya: Bari in ɗan ja birki a nan don akwai inda sake amfani yake zama haɗari. Alhaji rodin da ya tafi narkawa ba ni da ja. Wanda nake tsoro shi ne wanda ake fasa dakin, wato rufin kankare, a ciro a miƙe shi da guduma a sayar wa mai ƙaramin ƙarfi ya sa a lintal ko fila. Rodin da aka lanƙwasa aka miƙe ga tsatsa ta ci shi ba shi da ƙarfin da yake da shi da farko, kuma ido ba ya gani. Na taɓa zuwa duba wani gini mai hawa ɗaya, na sa aka buɗe katakon fila kafin a zuba kankare, rodi huɗu kowanne da kaurinsa, ɗaya ma haɗi ne aka ɗaure da waya a tsakiya. Mai gidan yana ta murna wai ya yi arha. Haka shi ma niƙaƙƙen kankare, yana da kyau sosai a shimfiɗar ƙarƙashin titi da ciko da bulon intalok, amma yana shan ruwa fiye da tsakuwar dutse saboda tsohon simintin da ke manne a jikinsa, don haka ba a ɗauka kawai a zuba dakin da shi sai an gwada. Dokar da za ta ce a sake amfani dole ta faɗi a ina za a yi amfanin, in ba haka ba mun gudu daga toshewar kwata mun faɗa ruftawar gini.

Usta Birkila: Yallaɓai Injiniya ka faɗi gaskiya amma ka san tunda buhun siminti ya haura dubu goma a 2024 mutane ba sa jin wannan karatun. In ka ce wa mutum rodin nan bai yi ba sai yace kai dai so kake ka ci kamasho a wurin mai shago.

Ɗan Japan: Ina ta karantawa daga nan, bari in ba ku yadda suke yi a inda nake karatu. Suna da doka tun shekarar 2000, ta fara aiki sosai a 2002. Duk ginin da za a rushe in faɗinsa ya kai murabba'in mita 80, dole mai shi ya sanar da hukuma kwana 7 kafin a fara, kuma dole a rarrabe kankare daban kwalta daban katako daban tun a wurin aikin. Mita 80 fa bai kai rabin fulotinmu na hamsin-hamsin ba, ma'ana kusan kowane gida ya shiga. Akwai wani gida kusa da masaukina da aka rushe, wallahi kamar masu kwance agogo, sun kewaye shi da tamfol, suka fara cire tagogi da tabarmin ɗaki da rufi da hannu, ƙaramar katafila sai daga ƙarshe ta shigo, mutum ɗaya aikinsa kawai fesa ruwa kada ƙura ta tashi. Kowace mota da ta fita da takardarta mai nuna abin da ta ɗauka da inda za ta sauke. Kankarensu sama da kashi 90 cikin 100 yana komawa aiki, yawanci ƙarƙashin titi.

Abba Na Layi: Toh fa, an fara. Japan ake faɗa mana mu da ko wutar niƙa markaɗe ba mu da ita 😂

Ɗan Japan: Abba sanarwar kwana 7 wace wuta take buƙata? Takarda ce fa da biro.

Abba Na Layi: Tana buƙatar ma'aikacin da zai karanta ta bai ce a ba shi na goro ba.

Dakta Na Indiya: Ku bar Japan, ku ɗauki Indiya da muka fi kama da su a cunkoso da rikici. Sun yi dokar sharar gini da rusau a 2016, wadda ta ce babban mai gini da zai fitar da tan 20 a rana ko tan 300 a wata dole ya kai wa hukumar gari tsarinsa kafin ya fara, kuma a Delhi akwai masana'anta a Burari da ke niƙa ɓaraguzai tana fitar da yashi da tsakuwa da bulon daɓe. Amma duk da haka na zauna a can shekara biyar, in ka bi bayan gari za ka ga tuli a bakin hanya da bakin kogi kamar nan. Masana'anta na can nesa, mai motar da aka biya ya kwashe yana lissafin mai, sai ya juye a inda duhu ya same shi. Wato doka da inji duk ba su isa ba in wurin zubarwa ya yi nisa.

Barista: Yawwa Dakta ka zo inda nake so a zo. Ni a ganina duk maganar tara da kamu ɓata lokaci ce muddin ba a amsa tambaya ɗaya ba: in na kwashe ina zan kai? Yau in makwabcin Baban Khalifa ya ce na tuba, ya kira tifa, direba zai tambaye shi ina za a sauke, shi kuma bai sani ba. Ƙarshenta kududdufi mafi kusa. Ba ka hukunta mutum a kan ya ƙi bin hanyar da ba ka share masa ba.

Malam Na Cikin Gari: Barista ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Yaran yanzu ba su san daga ina kududdufan Kano suka samo asali ba. Ramukan da aka haƙi ƙasa ne aka gina gidaje da badala, shekara da shekaru, sai suka zama matattarar ruwan damina, duk ruwan unguwa can yake gangarawa. Kuma a da in gidan ƙasa ya faɗi babu abin da ake zubarwa, ƙasar a jiƙa ta a cuɗa da ciyawa a sake yin tubali, azara ta giginya a ciro ta a sake rufi da ita don tana fin mai gidan daɗewa, abin da ya rage manoma su zo da jakai su kwashe su kai gona don ƙasar tsohon gini taki ce. Ni na ga wannan da idona a gidan kakanmu, bangon da ya faɗi da damina shi aka mayar da rani. Siminti ne ya zo mana da abin da ba ya komawa ƙasa. Yanzu dubi abin da ake yi, a cike kududdufi da ɓaraguzai da bola a hankali a hankali, wata rana ka wayi gari an kafa fegi an yanka fulotai, wanda ya saya gininsa ya dinga tsagewa don ƙasan ba ta zauna ba, mu kuma na kewaye ruwa ya shigo mana ɗaka a watan Agusta. Sai a ce ambaliya daga Allah. Daga Allah ne amma da hannunmu a ciki.

Maman Ilham: Allah ya ƙara lafiya Baba. Kududdufin bayan gidanmu da muke yara har kifi ake kamawa, yanzu shaguna ne a kai.

Ɗan Kwankwasiyya: Ai duk gwamnatin baya ce ta sayar da filayen nan shi ya sa aka yi rusau a 2023

Sarkin Adawa: Kai dalla rufe mana baki, rusau ɗin da kotu ta ce a biya diyyar biliyan 30 ga 'yan Filin Idi?

Admin: Jama'a don girman Allah. Wanda ya sake kawo jar hula ko wata hula cikin wannan magana zan cire shi na kwana uku. Ɓaraguzai ake magana.

Injiniya: Admin a bar ni in ɗauki 2023 ɗin ta fuskar aiki kawai babu siyasa. Ko kana goyon baya ko ba ka yi, abin da kowa ya gani a watan Yunin shekarar a Daula Otal da Filin Idi da filin sukuwa shi ne katafila ta ture ta tafi, dubban matasa suka afka da guduma da zarto suna ciro rodi a ƙarƙashin dakin da ke reto, har aka yi asarar rai da wani ɓangare ya rufta, 'yan sanda kuma suka bi suna kamawa. Darasin shi ne ita kanta hukuma in za ta yi rusau ba ta da tsarin me zai biyo baya. Da an killace wurin, an kammala saukar da ginin, an ba masu gwangwan masu rajista kwangilar ciro ƙarfe, an niƙa sauran an zuba a titunan unguwanni da suka zama tafki, da an amfana. To in mai doka bai yi ba da wane baki zai ce wa makwabcin Baban Khalifa ya yi?

Sarkin Adawa: Ka ga ni ma abin da nake nufi kenan

Admin: Na ce ya isa.

Hajiya Ta Landan: Sannunku da muhawara. Nan Ingila abin da suka yi dabara ce ta aljihu, tun 1996 suka sa haraji a kan duk abin da aka kai juji aka binne, suna ƙara shi a kai a kai har ya zama kai kaya wurin masu niƙawa ya fi arha. Amma kada ku ɗauka aljanna ce, saboda tsadar sai wasu suka koma juyewa a gonakin mutane da lunguna cikin dare, har yau suna fama. Abin da ya burge ni ɗaya ne, in ka ba wa wanda ba shi da lasisi shararka ya je ya zubar a hanya aka gano daga gidanka ta fito, kai ma mai gida za a ci tararka. Lokacin da muka gyara kicin sai da na nemi mai motar ya nuna min lambar rajistarsa ya ba ni rasit, mijina yana min dariya wai na zama 'yar sanda.

Baban Khalifa: Hajiya wannan ita ce maganar. Mu nan an bar jaki ana dukan taiki. Watan jiya a gabana wasu ma'aikata suka kama wani yaro mai kura da ya ɗauko fasassun bulo, suka ƙwace kurar yana kuka yana cewa aiko shi aka yi, babu wanda ya tambaye shi wane gida. Alhajin da ya ba shi ɗari biyar ya kwashe yana cikin mota da gilashi a rufe.

Ɗan Yamai: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu ma nan Yamai da anka yi tashin kiyos-kiyos na bakin hanya a 2016 haka munka gani, tol da ƙarfe duk sun tafi kasuwar Katako, can maƙera ke maida su murhu da akwati da tukunya, babu abin da ke ɓacewa. Amma fasassun birgi sun daɗe zube bakin godoro. Abin da ni gani shi ne in damana ta kusa mutanen karce da kansu ke biyan mai amalanke shi kawo musu su cike ramun hanya. Kenan masu so akwai, masu zubarwa akwai, ba su san juna ba ne kawai.

Usta Birkila: Ɗan Yamai ka gama magana. Ko a wannan gidan namu in da za a dinga sanarwa "ina da tifa biyu ta ɓaraguzai a wuri kaza" wallahi kafin la'asar an samu mai so.

Barista: To bari in kawo shawara a tattauna, ba tawa bace, birnin San Jose a Kalifoniya ta Amurka sun fara ta a 2001. In ka zo karɓar izinin gini ko rusau sai ka ajiye wasu kuɗi a hannun hukuma gwargwadon girman aikin. Ka gama, ka kawo rasit cewa aƙalla rabin sharar ta tafi wurin masu sake sarrafawa, a mayar maka da kuɗinka. Ba ka kawo ba, kuɗin sun zauna. Kyawunta shi ne hukuma ba ta bin ka, kai ne kake bin ta. Mu a nan sai a sauƙaƙa, kowace ƙaramar hukuma cikin takwas ɗin birni ta ware fili ɗaya na sauke ɓaraguzai kyauta, a sa mai ba da rasit, masu neman ciko su zo su saya da arha, 'yan gwangwan su tsince ƙarfe. Wanda bai kwashe ba a yi amfani da kuɗin ajiyarsa a kwashe.

Abba Na Layi: Barista kai da kanka ka yarda kuɗi za su shiga asusun gwamnati su fito? 😂😂 Akuyar da ta shiga gidan kura. Mutum zai gama gini ya aurar da 'yar da aka haifa a gidan bai karɓi ajiyarsa ba.

Barista: Dariya ka ba ni amma tsoronka a kan hanya yake. Sai dai a ajiye a banki da sunan mai ginin, hukuma ta sa hannu kawai a saki.

Maman Ilham: Ni tambayata daban ce. Cikin gidaje goma da ake rushewa a lungunanmu nawa ne suka je neman izini tun farko? Mutum da daddare yake kiran lebura. Wanda zai je ofis dama mai bin doka ne, shi za a ƙara wa nauyi, ɗan gadara kuma ya ci gaba da abinsa.

Malam Na Cikin Gari: 'Yata shi ya sa nake cewa a dawo da abin hannun masu unguwanni. Babu gidan da za a sayar a unguwa mai unguwa bai sani ba, ai shi ke sa hannu a takardar ciniki ana ba shi la'adarsa. To a ranar da yake sa hannun ya ce wa mai saye in za ka rushe ga sharaɗi, kwana bakwai ka kwashe, ka kawo mutum biyu su tsaya maka. A da duba-gari in ya shigo unguwa har randa yake leƙawa, mata na ɓoye tukwane, ba don yana da bindiga ba sai don an san bayansa akwai hakimi da alƙali.

Sarkin Adawa: Baba mai unguwar da shi ma wani lokacin da shi ake yanka kududdufin?

Malam Na Cikin Gari: Akwai irinsu, ban ce babu ba. Amma shi ka san gidansa, kuna haɗuwa a masallaci sau biyar. Ma'aikacin da ya tafi ta'aziyya fa ina za ka gan shi?

Barista: Kuma tunda kotun ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi su dinga zuwa musu kai tsaye, ya kamata mu daina jin kunyar tambayar ciyaman da kansila. Fili ɗaya da mai gadi da tifa biyu ba abin da zai gagari ƙaramar hukuma bane.

Injiniya: Kafin a watse, Baban Khalifa ka ce akwai tsohon silin a cikin tulin. Wane iri ne? In irin farin allon nan ne mai tauri na gidajen da, mai karyewa ƙwas kamar faranti, ko kwanon rufi mai kauri launin toka, to akwai yiwuwar asbesto ne. Yana zaune lafiya ba ya komai, amma in aka farfasa ƙurarsa na shiga huhu ta zauna, cutar ba ta bayyana sai bayan shekara ashirin ko talatin, har ciwon daji tana kawowa. Kada a haɗa shi cikin ciko, kada a sa yara su farfasa. A jiƙa shi da ruwa sosai, a ɗauka da safar hannu da takunkumi, a ƙulle a buhu biyu a binne shi daban da zurfi inda ba za a tona ba.

Baban Khalifa: Innalillahi. Irinsa ne wallahi Injiniya, kuma jiya na ga su Khalifa sun ɗebo gutsattsarin suna zane da shi a bango kamar alli.

Maman Ilham: Subhanallah ka hana su yanzun nan, ka sa a wanke musu hannu da kayan da suka sa.

Injiniya: Kada hankalinka ya tashi sosai, wasan rana ɗaya ba kamar wanda ya shekara yana yankawa bane, amma a raba su da shi daga yau. Wannan ma hujja ce mai ƙarfi da za ka kai wa mai unguwa.

Usta Birkila: To ni ga tawa gudummawar. Ina da aiki a bayan gari muna neman ciko kamar tifa uku. In za a tsince silin ɗin da leda da shara a ware, ni zan turo tifa in biya mai, bulo da kankaren in ɗauka. Amma kuɗin lebura masu lodi ba ni zan biya ba, mai gida ya biya.

Alhaji Mai Gwangwan: In akwai guntayen rodi a cikin kankaren yarana za su zo su fasa su cire, ladan fasawar kenan, an rage wa lebura aiki.

Baban Khalifa: Madalla, Allah ya saka da alheri. Yanzu na fito daga wurin mai unguwa na nuna masa hotunan da saƙon Injiniya, ya aika a kira mutumin bayan isha'i. Usta turo min lambar direban ta akwatin sirri.

Abba Na Layi: In ya ce ba zai biya leburan ba fa?

Baban Khalifa: Yashinsa da tsakuwarsa ta layin nan za su shigo ai, kuma motar Alhaji Babba ce ke kwana a bakin lungun.

Barista: Ban ji wannan ba 😂 Ka dai tafi da mutum biyu shaidu, kuma duk abin da aka amince a rubuta ya sa hannu, har da ranar da tifa za ta zo.

Usta Birkila: Alhamis nake so, Juma'a direban ba ya fita.